Korau, Sanau da Gajere: Abin da Kirarin Sarkin Katsinar Maraɗi Yake Ɗauke da Shi

Ranar hawan Salla, in ka matsa kusa da maroƙa a ƙofar fadar Maraɗi, za ka ji sunan Korau yana fita daga bakinsu. Da yawa suna jin sunan ba su san mai shi ba, har wasu su ɗauka aro ne daga Katsinar Najeriya. Ba aro ba ne, gado ne.

Ga yadda labarin yake a bakin magabata. Sanau shi ne sarkin Katsina na ƙarshe daga zuriyar Kumayau, wanda ya kafa gidan sarautar farko. Korau kuwa baƙo ne daga 'Yandoto, ɗan kokawa, kuma a wurin Sanau ya sauka. Ƙarfin Sanau yana cikin layar da yake ɗaurawa a jiki, shi ya sa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Da hannun matarsa aka raba shi da layar. Aka shiga fili ƙarƙashin tsamiya, Korau ya kayar da shi, ya zare gajeren takobinsa ya yanka shi. Takobin nan shi ne Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau.

Kirarin bai ɓoye komai ba: "yanka mashidi, baƙon Sanau". Mashidi shi ne mai masaukinka, daga "shida", wato sauka a harshenmu na nan. Duk wanda bai san kalmar ba ya rasa rabin labarin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cuɗa wannan da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Wancan na Daura ne, yana bayanin asalin Hausa Bakwai. Wannan kuwa labarin sauyin gidan sarauta ne, kuma masana suna ajiye Muhammadu Korau a ƙarni na 15, suna ƙirga shi farkon sarkin Katsina Musulmi. A ganina layar da aka kwance tana nuna tsohon tsari na iskoki ne da ya ba da wuri.

Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Sarkin Katsina Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama. Ɗan Kasawa, wanda ya gaje shi, ya bi ta Damagaram, sannan ya zo ya kafa fadarsa a Maraɗi wajen 1819. Bai zo shi kaɗai ba. Sarautun masu zaɓen sarki, Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi, duk sun biyo shi, haka ma sunan Sarkin Katsina. Ko da ambaliyar gulbi ta 1945 ta tashi garin daga fadama zuwa tudu, fada ta hau da tamburanta da maroƙanta, suna kiran sarki magajin Korau.