Wayar da ta hana akori-kurata tashi

Akori-kurata ƙirar 1989 ce, mai silinda huɗu, da kafireta take shan fetur, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Ta riga ta sha aiki kafin ta zo hannuna, amma shekara biyu muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai a shekara ta uku ta ɓullo da wani hali. Da sassafe bugu ɗaya take tashi. Amma in na yi tafiya mai nisa na kashe ta, na dawo bayan minti goma na murɗa makulli, sai in ji ƙas, ko kuma injin ya juya a wahalce kamar mai ɗauke da kaya ya tsaya. Fitilu na kamawa, oda na bugawa, rediyo na magana.

Batir na fara zargi, na saya sabo. Kwana huɗu lafiya lau, rana ta biyar ƙas ɗin ya dawo. Aka ce sitata ce, aka sauke ta aka sa wata. Ita ma mako guda ta yi ta koma gidan jiya. Daga baya na gane dalilin wannan ɗan sauƙin da nake samu: duk lokacin da aka taɓa wajen, ana motsa wayoyi, haɗin da ya lalace ya ɗan kama na ƴan kwanaki, ni kuwa in ɗauka sabon kayan ne ya yi magani.

Wani dattijo mai aikin wayarin mota ne ya raba ni da wannan wahala. Na gama zayyana masa komai, ya ce, "Yaro, kafin ka sayi batirin nan, ka auna tsohon?" Na ce, "Baba, ban auna ba." Ya ɗauko ƴar mitar auna lantarki ya miƙo mini, ya ce ni zan riƙe.

Batirin mota ɗaki shida ne, kowane ɗaki yana ba da kamar volt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6. Nawa ya nuna hakan. Muka tayar da injin, mita ta hau 14.1, wato altaneta na caji yadda ya kamata, tunda abin da ake nema tsakanin 13.5 ne da 14.5. Muka bar injin ya yi zafi, muka kashe, muka zare wayar kwayil don kada ya kama. Ya sa na ɗora baƙin tsinken mita a kan baƙin kan batir, a kan darmar kanta, jan tsinken kuma a kan ƙarfen injin inda babu fenti. Ya shiga ya murɗa makulli. Mita ta nuna kusan volt 3.

A wannan wuri bai kamata a ga fiye da 0.2 ko 0.3 ba. Lantarkin da ya shiga sitata dole ya koma batir, kuma ta jikin injin yake bi, sannan ta wata waya mai kauri da ke haɗa injin da batir. Tawa a ido lafiyarta ƙalau. Da muka kwance noti muka yanka robar kusa da kanta, sai ga koren gari yana zubowa kamar toka, fiye da rabin zaren tagullar ya rube, ƙarƙashin notin kuma tsatsa ce zalla.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda fitila ke kamawa amma injin ya ƙi juyawa. Amsar lissafi ce. Fitilar gaba mai watt 55 ba ta jan amfiya biyar ma (amfiya shi ne ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana a waya). Sitata kuwa tana jan sama da ɗari, wani lokaci har ɗari biyu. Idan rubabbiyar waya tana da turjiya ta 0.02 na ohm kawai (ohm shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wa lantarki hanya), fitila ba za ta ko ji ba, amma da sitata ta ja amfiya 150, volt 3 sun salwanta a hanya. Shi ya sa ake auna irin wannan waya lokacin da take ɗauke da nauyi, ana cikin murɗa makulli. Zafin injin kuma yana ƙara turjiyar, abin da ya sa matsalar ba ta bayyana da safe.

Baba ya nuna mini wata alama da na sha gani ban kula ba. Robar wayar totur ta narke a wuri guda. Da lantarki ya rasa babbar hanyarsa, sai ya riƙa bi ta wannan siririyar waya yana gasa ta. Allurar zafin injin ma da ke tsalle in na kunna fitila, duk tushensu ɗaya. Muka goge mazaunin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, muka ɗaura sabuwar waya mai kauri daidai da tsohuwar, muka shafa giris a bisa. Mita ta sauko 0.1. Duk mai irin wannan aiki ya fara cire baƙin kan batir, kuma shi zai mayar a ƙarshe, domin in sifana ta haɗa jan kai da jikin mota, tartsatsin na iya ƙona hannu.

Washegari na sayi mita tawa, tana cikin motar har yau.

Bayan wata biyar wata sabuwar matsala ta taso wa motar. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya, amma da na fara hawan tudu da kaya sai ta riƙa shaƙewa ta mutu, in na jira minti biyar ta tashi. Har an fara ce mini a sauke kafireta. Na ƙi. Injin fetur abu uku yake buƙata, mai da wuta da matsi, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na zare fulogi na jingina shi da injin, wuta shuɗiya tas. Bakinsa kuwa ya yi fari fat, alamar mai bai isa ba, domin mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake yi, wanda mai ya yi wa yawa kuma baƙi. Na buɗe murfin tanki nan take bayan ta mutu don in ji ko zai zuƙi iska, tunda toshewar hanyar numfashin tanki na kawo irin wannan, ban ji komai ba. Da na cire matatar mai na karkata ta a kan farin ƙyalle, sai jan ruwa mai ɗauke da ɓurɓushin tsatsa. In an taka totur dattin ya taru ya toshe takardar, in injin ya mutu ya faɗo ƙasa, hanya ta buɗe.

Sabuwar matata ta yi wata biyu ta sake cika, don haka sai da na sauke tankin aka wanke shi. Tun daga nan ba na barin sa ya daɗe babu mai sosai, saboda a sararin da babu mai ne raɓa ke taruwa ta ci ƙarfen daga ciki. Matata guda da fis na kowane lamba suna bayan kujera, kusa da mitar.