Rahoton jemagun 37: inda ake yin tuntuɓe

Duk rani sai an tura mu gindin itatuwan da ke gefen asibitin sojoji na 37 a Accra, saboda jemagu sun dawo, mutanen Nima da Maamobi kuma sun cika wayar gidan rediyo da ƙorafi. Na sha haɗa wannan rahoto, kuma kuskuren da ya fi yawa, har da nawa, shi ne a ce "jemage" kawai a wuce.

Jemage ba iri ɗaya ba ne. Na 37 manya ne masu gashi kalar busasshiyar ciyawa, masana na ce musu Eidolon helvum. A reshe suke yini, abincinsu 'ya'yan itace da ruwan fure. A Yulin 2022, da aka tabbatar da cutar Marburg a yankin Ashanti, hotonsu muka liƙa a Facebook don shi ke hannu, alhali jemagen da aka sani da ɗaukar Marburg wani iri ne dabam mai zama a kogo. Mai sauraro kuwa hoto da kanun labari yake riƙewa, bayanin da ke ƙasa ba ruwansa. Haka aka yi ta nuna su a 2014 lokacin Ebola, wadda ba a tabbatar da ita a jikin ko mutum ɗaya a Ghana ba.

Kai ɗan jarida, ba wanke su za ka yi ba kuma. Bincike ya nuna jinin wasunsu na ɗauke da shaidar sun taɓa haɗuwa da ƙwayoyin cuta dangin na haukan kare. Amma shaida a jinin dabba dabam, mutum ya kamu dabam. Ka sa masanin da ka gayyato ya faɗi wannan bambanci da bakinsa, kada ka taƙaita masa, domin a taƙaitawar ake ɓata magana.

Sai adadi. Kowa "miliyoyi" yake cewa. Masu ƙidaya sun samu sama da dubu 100 a rani, da damina kuwa 'yan dubbai ke saura, sauran sun yi ƙaura. Saboda haka duk lambar da za ka faɗa, ka haɗa da watan da aka ƙirga da wanda ya ƙirga. In ka je a Yuli ka ce sun ƙare, ko a Janairu ka ce sun mamaye gari, duka ba daidai ba ne.

Ka isa wurin da biyar da rabi na yamma. Rana na faɗuwa wajen shida, a nan suke tashi da kansu. Wanda ya zo da azahar rassa kawai zai gani, sai ya ba yara kuɗi su yi jifa don ya samu hoto. Abin da kyamara ta ɗauka a lokacin firgitattun dabbobi ne, amma a talabijin sai ya zama kamar hari suka kawo. Ka sa wa makirufo soso, ka juya wa tashar mota baya, in ba haka ba kiran 'yan kamasho ya danne muryar baƙonka. Hula ma tana da rana, kashinsu ba ya sallama.

Wajen tambaya, "Hajiya, kina jin tsoronsu?" amsa ɗaya take da ita. Gara ka ce, "Hajiya, me suka ɓata miki?" Nan za ka ji na gaskiya: kashi a kan shanya da gilashin mota, wari bayan ruwan sama, mangwaron da aka gatsa aka yar. Kowanne da maganinsa. Daga nan ka nemi sashen namun daji na hukumar gandun daji, da likita, da wanda zai yi bayanin ƙwayoyin irin itatuwa da jemagun ke bazawa a nisan kilomita masu yawa, har da odum da kafintoci ke nema.

Sakan talatin na ƙarshe nakan bar wa abin da mutum zai yi a gida: a rufe tankin ruwa, kada a ci ɗan itacen da aka gatsa, kada a ɗauki mataccen jemage da hannu tsirara. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar.