Ruwan Tibiri a kan teburin aji

Na daɗe ina koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma duk shekara idan muka iso darasin muhalli da lafiya, nakan rufe littafi in ɗora kwalabe biyu a kan tebur. Ɗaya ruwan Gulbi ne na damina, ja wur da laka, ɗayar kuwa ruwa ne garai-garai. Idan na tambayi wanne za su sha, kowa sai ya nuna ta biyun. Daga nan nake ɗauko musu labarin Tibiri, wani gari da ke kusa da Maraɗi.

A shekarar 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, jama'a suka yi murna, alhali ruwan yana ɗauke da sinadarin fuluwo da ya tsatso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a kowace lita, amma na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Kusan shekara 15 ana sha, har haƙoran yara suka dafe, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ba na manta wata ɗaliba da ta ɗaga hannu a sanyaye ta ce: "Mushe, haka ƙafafun kawuna suke, amma a gida cewa ake yi iska ce ta taɓa shi." Ajin ya yi tsit, ni kaina sai da na ɗan dakata kafin in ci gaba.

Abin da nake so su riƙe shi ne kowace cuta ta ruwa da nata maganin. Kwalarar da ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018 ƙwayar cuta ce, tafasa ruwa ko ɗiga masa jabel, wato ruwan kulorin, yana kashe ta. Fuluwo kuwa tafasawa ba ta taɓa shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi saboda ruwan ya ƙone, don haka dole a auna rijiyar a ɗakin gwaji.

Aikin gidan da na ba su bana shi ne kowa ya bi ruwan gidansu daga famfo ko rijiya har zuwa randa, ya rubuta hannu nawa ke tsoma moɗa a cikinta a wuni guda, da inda ake ajiye moɗar bayan an sha.