Garejina da Maƙwabtan da Ba Sa Magana

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran mota a Khartum, ni da yara shida. Inji da giya ne aikinmu, ba ma taɓa fenti. Duk mai gareji ya san inda wahalar take: baƙin mai, tsofaffin tayoyi, matattun ƙarafan da ko 'yan gwangwan ba sa so. Dole ka nema musu wurin zubarwa. Mu a layinmu, wani fili ne ke ɗaukar wannan kaya, kowa ya wurga nasa ya juya.

Wata safiya ƙaramin yarona ya dawo da ɓallen farin dutse, wai zai tokare taya da shi. Na karɓa, na goge da tsumma. Rubutu ne a jiki, Larabci a ƙasa, a sama wasu haruffa masu kusurwa da ban taɓa gani ba. Ibrananci ne. Ashe maƙabartar Yahudawa muke zuba wa shara.

Jikina ya yi sanyi. Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai je Makka, bai isa ba, a Sudan aka binne shi. Na san ciwon kushewar baƙo.

Daga nan na shiga tambaya. Bayan Turawan Ingila sun ci Umdurman a 1898, Yahudawa 'yan kasuwa suka riƙa zuwa daga Masar, Iraki da Sham. Malaminsu, Sulaiman Malka, ya iso a 1906, ya jagorance su har rasuwarsa a 1949. Sun gina wurin ibada a 1926, kuma yawansu bai wuce kamar dubu ɗaya ba. Rikicin mashigin ruwan Suwez na 1956 ya sa suka fara watsewa, yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya kwashe sauran. A shekarun 1970 aka tone wasu gawarwaki aka kai Kudus. Waɗanda aka bari, babu mai ziyara.

Na ce wa yaran, "Kai, daga yau ko ƙusa kada a jefa can." Na shiga biyan mai amalanken jaki duk Alhamis ya kwashe sharar garejin, kuɗin na cin ribata, ban damu ba.

Bayan faɗuwar Shugaba Bashir a 2019 aka kwashe sharar, aka harhaɗa fasassun duwatsun. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, na kulle gareji muka fita. Dutsen nan tun ranar na mayar da shi, na jingina shi a gindin bango, rubutun yana kallon sama.