Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Saura Kwafi Bakwai

A makon jiya na tsaya a daidai inda na kai littafinmu na huɗu maɗaba'a, na kuma yi muku alkawarin abin da ya biyo baya. Alkawari kaya ne, zan sauke. Amma ku bari in fara da wani albishir da ya same ni tsakanin wancan rubutu da wannan, don tun da na ji shi na kasa zama wuri ɗaya.

Ranar Talata yaron da ke taya ni aiki ya leƙo ofis (in dai ɗaki ɗaya mai tebur biyu ya cancanci wannan suna) ya ce, "Yallaɓai, masu sayar da littattafan nan sun sake aikowa, kwafi ashirin suke so na littafin Mama."

Na ce ya ɗauko musu. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ai saura bakwai."

Ban yarda ba sai da na tashi na je ɗakin ajiya da ƙafata. Inda katan ashirin suka yi watanni a jibge har sun kusa taɓa silin, babu komai sai sawunsu a ƙasa da ƙura. Katan ɗaya ne a buɗe, kwafi bakwai a kwance a gindinsa. A ɗaya kusurwar kuwa littattafanmu uku na farko suna nan yadda na san su, ko gezau. Shekara shida ina wannan sana'a, ban taɓa ganin littafin da na wallafa ya ƙare ba sai ranar. Na zauna a kan wani tsohon katan na yi shiru. Yaron ya ɗauka wani abu ne ya same ni.

To, wannan littafin da ya ƙare shi ne na huɗun, wanda saura ƙiris ya rufe kamfanin tun bai fito ba.

Kun tuna Mama, tsohuwar malamar makarantar da na ba ku labarinta a kashi na 15, wadda ta kawo mini labarinta rubuce da hannu a littattafan rubutu guda tara. Bayan an buga shi a kwamfuta, an tace, an tsara, ya tsaya a shafi 203. Mai maɗaba'a ya ce in ƙara biyar. A lokacin na zaci wayo yake so ya yi mini, ashe ni ne ban san aikin ba. Babbar na'urar ɗab'i ba shafi-shafi take bugawa ba. Faffaɗar takarda take ci, shafi takwas a fuska ɗaya, takwas a ɗaya fuskar, sai a ninke ta sau uku ta zama ƙunshi guda mai shafi 16. Saboda haka littafi yakan so ya ƙare a adadin da 16 ke rabawa. Shafi 208 ƙunshi 13 ne cif. Ko na so ko na ƙi zan biya kuɗin takardar waɗannan shafuka biyar, gara in sa musu wani abu. Na sa taƙaitaccen tarihin marubuciya da jerin sauran littattafanmu, na bar biyu fari.

Kowace fuska ta ƙunshi tana da farantin bugunta, wato fallen da ke ɗauke da hoton shafukan, wanda na'ura ke bugawa da shi. Cikin littafin baƙar tawada ce kaɗai, don haka faranti 26 aka yi. Bangon kuma huɗu, domin hoto mai launi da tawada huɗu ake haɗa shi: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu biyar, shi ya sa duk ƙaramin mawallafi ke faɗawa tarko guda. Ana ce maka idan ka ƙara yawa kowane kwafi zai fi sauƙi, kuma gaskiya ne. Abin da ba a faɗa maka shi ne, kwafin da bai sayu ba ba shi da sauƙi ko kaɗan. Wannan lissafin ne ya cika mini kusurwa da littattafai uku. A na huɗu na cije na tsaya a kwafi 1,000.

Kwana biyu da kai aikin, sai mai maɗaba'a ya kira ya ce gefen shafukan ya matse, idan aka yanke za a ci rubutu. Ya ce in turo masa ainihin fayil ɗin da aka tsara littafin a ciki, maimakon PDF ɗin da na ba shi, zai gyara da kansa. Na ji daɗi an rage mini aiki. Na tura. Da aka kawo mini samfurin gwaji in sa hannu, na duba bango, na duba shafin farko, na karanta babi na ɗaya, na ga komai fes. Na sa hannu. Ban buɗe tsakiya ba. Wannan laifin nawa ne, ba na kowa ba, kuma na daɗe kafin in iya faɗar haka ba tare da na haɗa da "amma" ba.

Allah ya taimake ni da wani dattijo mai ninke takarda a can bayan maɗaba'ar. Ranar da na je ganin yadda aiki ke tafiya, an gama bugu, ƙunsoshin suna jere a kan dogon tebur, ba a kai ga harhaɗawa da sa gam ba. Na gaishe shi, ya amsa yana riƙe da wani ƙunshi a buɗe. Ashe in hannunsa ya gaji yakan karanta abin da yake ninkewa.

"Malam, kai ne mai littafin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Labarin ya yi daɗi. Amma wasiƙun nan, da gangan aka yi su haka?"

Ya miƙo mini. A tsakiyar labarin akwai wasiƙu tsakanin ya da ƙanwa, kuma mun tsara su da karkataccen rubutu don su bambanta da sauran. Duk inda "ɗ" ko "ɓ" ya kamata ya fito a cikinsu, wani ɗan akwati ne babu komai a ciki. Kalmar "ɗana" ta zama akwati da "ana". Haka "ɓacin rai" ya zama akwati da "acin rai". Wasiƙar da ta fi kowace sosa zuciya, wadda yayar ke sanar da ƙanwarta rasuwar ɗanta, ta koma kamar allon wasan dara. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne "ƙ" yana nan lafiya lau. Sai daga baya, da na zauna na bi diddigi, na gane dalili. A tsarin Unicode, wanda ya ba kusan kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, haruffanmu masu ƙugiya ba gida ɗaya aka sauke su ba. Ƙaramin "ƙ" yana cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin, tare da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ. Ƙananan "ɓ" da "ɗ" kuwa an sa su a rukunin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana salon haruffa yana iya zana rukuni ɗaya ya tsallake ɗaya, ko ya zana su a miƙaƙƙen rubutu ya manta da karkatacce. Kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin salon da ke tawa, sai ta ɗauko wanda take da shi. PDF yana tafiya da haruffansa a ƙunshe a cikinsa, shi ya sa ake ba maɗaba'a shi. Ni da hannuna na karɓe abin da zai kare ni na ba da wanda ba zai kare ni ba.

Muka zauna muka bi ƙunshi-ƙunshi. Wasiƙun sun faɗa a na bakwai da na takwas kaɗai. Da an riga an sa gam an manna bango, da kwafi dubu sun tafi a banza, kuma ba ni da abin sake buga su. Tunda ba a kai nan ba, faranti huɗu kawai aka sake da takardar shafi 32. Duk da haka sai da na sayar da babur ɗina. Mai maɗaba'a ya nuna mini sa hannuna a kan samfurin, ban ce uffan ba. Tun daga ranar na koma amfani da salon haruffan da aka yi don harsuna irin namu, kamar Charis SIL da Gentium, kuma ba na sa hannu a kan samfuri sai na karanta shi daga bango zuwa bango, ko da zai ci mini kwana uku.

Mama ba ta taɓa sanin wannan ba. Yau za ta sani, don jikarta tana karanta mata wannan tarihin duk mako. Mama, ki yafe mini.

Shi ne kuma littafinmu na farko da ya fito da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Ukun farko haka na sake su tsirara, ina ganin lambar ƙawa ce ta manyan kamfanoni. Sai da wani ɗakin karatu ya maido mini da su ya ce ba su da yadda za su shigar da su rajista cikin sauƙi, manyan masu sayar da littattafai su ma suka noƙe, sannan na gane. Lamba ce mai alƙalami 13 tun daga farkon 2007, kafin nan 10 ce. Tana farawa da 978 ko 979, sai ɓangaren ƙasa ko harshe, sai na mawallafi, sai na littafin, sai alƙalami na ƙarshe wanda lissafi ne na tantance sauran, yadda in aka yi kuskuren rubuta ɗaya kwamfuta za ta gane. Babbar hukumar tana Landan, yawancin ƙasashe kuma da ofishin da ke rabawa. Ranar da na ga lambar kamfaninmu a tsakiyar waɗannan alƙaluma na ji kamar an yi mana takardar haihuwa, bayan yaro ya riga ya yi wayo.

Littafin bai tashi da gudu ba. Wata uku na farko da ƙyar katan biyu suka fita. Masu sayarwa suna karɓa ne a kan in ya sayu su biya, in bai sayu ba su maido, kuma wasu sun maido da shi bangon ya dushe da rana. Abin da ya tashe shi ban shirya shi ba: wata malama ta karanta wa ɗalibanta ɗaya daga cikin wasiƙun nan a aji, su kuma suka je gida da labari. Waɗancan wasiƙun dai, na ƙunshi na bakwai. Daga nan sai kira, biyar yau, goma gobe. Babu ranar da zan ce ga ranar da ya yi kasuwa. Katan dai ya riƙa raguwa ban lura ba, wata goma sha tara, har Talatar nan.

Sauran labaran kamfani a gurguje. Littafi na shida, na yara, yana hannun mai zane. Mun ɗauki mai tacewa ta dindindin, karon farko da nake biyan wani albashi ban da yaron nan. Wani mai fassara ya rubuto yana tambayar izinin juya littafin Mama zuwa Faransanci. Ban sa rai sosai ba, na dai amsa masa.

Ranar Alhamis na je gidan Mama da ambulan. Kasonta ne na marubuciya, kashi goma cikin ɗari kamar yadda muka rubuta a yarjejeniya, da takardar lissafin kowane kwafi. Ta sa tabarau ta bi lissafin layi-layi kamar mai duba jarrabawa, ta ajiye ambulan ɗin ba ta buɗe ba. Na gaya mata ya ƙare, za mu sake bugawa, ina so ya fito kafin 23 ga Afrilu, ranar da UNESCO ta ware wa littafi da haƙƙin mallaka tun 1995.

Ta yi shiru, sannan ta ce wa jikarta ta ɗauko mata kwafinta. Da aka kawo na ga ya kumbura. Kusan kowane shafi da jan biro.

"Ɗana, tunda za a sake, akwai gyara."

Na ce, "Mama, kurakuran bugu ne? Waɗannan ba matsala."

"Har da su. Amma babi na ƙarshe ban gamsu da shi ba. Na sake rubuta shi. Na kuma ƙara wasiƙa biyu."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Idan kurakurai ƙanana kawai aka gyara, sake bugu ne, lambar ISBN tana nan yadda take, yawancin aikin tsarawa ma yana nan. Idan aka canza babi aka ƙara shafuka, ya zama sabon fitowa: sabuwar lamba, sabon tsari, kaurin ƙashin bayan littafin zai canza don haka bangon ma sai an sake auna shi, kuma 208 ɗin nan da muka samu da ƙyar ta wargaje. In za mu fitar da na karantawa a waya, shi ma lambarsa daban. Ta saurare ni har na gama, irin sauraron da malami ke yi wa ɗalibin da ya makara yana kawo uzuri.

"To shafi nawa ne na gaba da sha shida ke rabawa?"

"224."

"Ka ga kenan ina da sauran wuri."

Na dawo da kumburarren kwafin da wani sabon littafin rubutu, na goma. A mota na buɗe sabon babin na fara karantawa don in sami hujjar da zan ƙi shi, sai da aka wuce da ni inda zan sauka. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda muka kwashe da mai tacewa a kansa, don ita tana ganin tsohon ƙarshen ya fi, kuma ta faɗa wa Mama haka ido da ido.

Kwafi bakwai ɗin nan kuwa, na ba masu sayarwa biyar. Ɗaya na ajiye wa kaina. Ɗayan na kai wa Baba mai ninke takarda.