Sarauniyar da ta riƙe numfashinta

Laraba da dare.

Yau gabana ya faɗi a ɗakin gwaji. Da safe na ciro sarauniyar ƙudan zuma mai gashi, wanda masana ke kira Bombus, daga firji inda take barcin hunturu, na sa ta cikin ɗan bututun da ke auna iskar kabon da take fitarwa. Layin da ke kan kwamfuta ya kwanta a ƙasa, shiru kamar an ɗauke wuta. Na taɓa gilashin, ko gezau.

Na ce, "Malama, ina jin wannan ta mutu."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Ki ba ta lokaci, riƙe numfashi ta yi."

Haka kuwa aka yi. Can sai layin ya fara 'yar rawa, sannan ya yi tsalle sama a lokaci guda, ya sake kwanciya. Ƙwaro ba shi da huhu. Ƙananan ƙofofi ne jere a gefen jikinsa, waɗanda kan kai har goma a kowane ɓangare, iska na bi ta nan zuwa siraran bututu har cikin tsoka. Sarauniya mai barci takan rufe su ruf, ta ɗan riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, daga baya ta saki iskar da ta taru gaba ɗaya. Masana da yawa na ganin hakan yana rage mata asarar ruwan jiki, ita da za ta yi wata 6 zuwa 9 a ƙarƙashin ƙasa ba ci ba sha.

Malama ta tuna mini da binciken Sabrina Rondeau da Nigel Raine na Jami'ar Guelph a Kanada, wanda ya fito a 2024: sarauniyoyi masu barci sun yi kwana 7 a nutse cikin ruwa, akasarinsu suka rayu.

Da yamma na leƙa akwatin wata da ta riga ta farka ta yi ƙwai. Wannan kam ba hutu. Ta kwanta a kan dunƙulen kakin, cikinta yana shiga yana fita da sauri, tana karkaɗa tsokar fukafukanta don ɗumama 'ya'yan zuwa wajen digiri 30. Na daɗe a tsugune ina kallonta har ƙafata ta yi tsami.

Mai barcin na mayar da ita cikin ƙasarta mai laima da hannuna, a hankali. Kafin in kashe fitila sai da na sake buɗe firjin na duba ta.