Igiyar nan ja da nake ɗaura wa tsofaffin injinan jirgin ruwa

Duk wanda na ce wa ina gyaran injin jirgin ruwa a Abuja sai ya yi dariya, wai ina ruwan yake. To akwai shi. Ga tafkin Jabi nan a tsakiyar gari ana ɗaukar mutane yawon shan iska, in kuma ka miƙa hanyar Lakwaja akwai kogin Gurara da ƙauyukan da ke bakinsa ta wajen Abaji, wasu ma tun daga Shiroro suke ɗoro min inji a bayan mota. Amma kar in yi ƙarya, ba shi ke ciyar da ni ba. Janareta da injin ban ruwa su ne tuwon, ni da yara uku a wani ɗan shago a Karmo. Injin jirgi a wata in an kawo biyu ko uku an yi da yawa, sai dai duk wanda ya shigo, ko kafireta kawai aka ce in wanke, sai na leƙa na ga ko yana da makashin gaggawa, in babu kuma mai shi ba zai bar shagon ba sai mun yi maganar.

Abin ba wani babba ba ne. Ɗan makunni ne da ake soka wa wata 'yar roba mai baki biyu a ƙarƙashin kansa, robar tana haɗe da igiya ja mai nannaɗe kamar wayar tsohon tarho, ɗaya bakin igiyar kuma direba ya ɗaura a hannu ko a ƙafa ko a jikin rigar kariya. Muddin robar na wurinta inji zai tashi ya yi aikinsa. Direba ya faɗa ruwa, igiya ta fizge robar, inji ya mutu nan take. Sababbin injina da shi suke zuwa, amma mu nan yawancin abin da ke hannun mutane ɗan Kwatano ne, wani ya girmi mai tuƙa shi, wani kuma ya zo da shi amma wani bakanike ya yanke wayar tun tuni.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi wani dattijo ne da ya kawo min tsohon Johnson mai silinda biyu, fentinsa duk ya koɗe. Na tambaye shi me ke damun injin, ya ce lafiyarsa lau, yaronsa ne ba lafiya. Yaron yana tsaye yana tuƙi, jirgi ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa, yaron ya wuntsila cikin ruwa. Shi kuwa irin wannan injin da ake tuƙawa da hannu, da ka saki hannun ƙarfin juyin farfela zai ture shi gefe guda, kuma direbobi sun saba ɗaure sukurun totur tamau don kar hannu ya gaji, saboda haka mai bai ragu ba, jirgin ya dinga kewayawa yana dawowa daidai inda yaron yake. A zagaye na biyu farfela ta same shi a ƙwauri. Allah ya yi da sauran kwana, wasu masunta suka jawo shi, jirgin kuma sai da ya je ya cusa kai cikin ciyawa ya tsaya. Dattijon ya ce "Malam, an ce akwai wata igiya." Na ce akwai Baba, zauna a kawo maka ruwa.

Inda yawancin masu gyara ke yin kuskure shi ne suna ɗauka kashe inji yanke waya ne, kamar yadda ake kashe ƙwan ɗaki. Waɗannan ƙananan injinan ba daga batir suke samun wutar fulogi ba, maganaɗisun da ke jikin fulawil, faifan ƙarfen nan da ke juyawa a saman inji, shi ne ke wucewa ta gaban koyil yana haifar da ita, don haka babu layin da za ka yanke. Abin da ake yi shi ne a ba wutar gajeriyar hanya ta sauka a jikin inji, abin da muke cewa at, ta yadda ba za ta kai fulogi ba. Kenan makunnin da ake so shi ne wanda yake a buɗe idan roba na ciki, ya haɗe idan an zare ta. A kasuwa akwai mai yin akasin haka, akwai kuma mai ƙafa huɗu da ke yin duka biyun, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Ni ban yarda da abin da mai shago ya faɗa min ba, ko a Apo na saya ko daga Legas aka aiko, mita nake sawa: roba a ciki shiru, na zare ta mita ta yi ƙara. In ya yi akasi, ranar da ka ɗaura shi inji ba zai tashi ba sai an cire igiya, ka ga an yi ba a yi ba.

A kan Yamaha Enduro, 15 ko 25 ko 40, waɗanda su suka fi yawa a ruwan ƙasar nan, aikin bai kai a kira shi aiki ba. Suna da CDI, wato ɗan akwatin lantarkin da ke sarrafa wutar fulogi, kuma farar waya ce ke zuwa maɓallin kashewa, baƙa ta tafi at. Ka bi farar, ka haɗa sabon makunnin a gefen tsohon maɓallin yadda kowannensu zai iya kashe injin, ka huda wuri a gaban kasko inda igiya za ta fita ba tare da ta sarƙe da hannun giya ba, shi kenan. Johnson da Evinrude masu CDI da kuma Mercury, tasu wayar baƙa ce mai ratsin rawaya. Amma launi ba abin dogaro ba ne a injin da ya ratsa hannun bakanikai goma, na sha buɗewa in tarar da wayar rediyo an nannaɗe da salatif.

Na Baba kuwa ba CDI, kwantak ne, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su ba da wuta, da kwandensa, kuma ko maɓallin kashewa babu a jikinsa, rage totur ake yi har ƙasa ko a ja cok ya shaƙe ya mutu. Dole fulawil ya fita. Nan ne nake korar yara daga riƙe guduma, don fulawil da fula ake zare shi, ƙarfen da ake ɗaura masa da sukurori a jawo shi, kuma sukurorin fular ba a zurfafa su, in suka wuce za su huda koyil ɗin da ke ƙasa. Da ya fita sai ga kwantak biyu suna kallon juna, kowanne da koyil ɗinsa da kwandensarsa, koyil ɗaya ma bayansa ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, sai da na canza shi. Dabarar a nan ita ce, lokacin da kwantak ɗaya ya buɗe zai ba da wuta, ɗayan a rufe yake yana taɓa jikin inji. Saboda haka waya ɗaya za ka ɗauko daga kowane kwantak, ka kai wannan ƙafa ɗaya ta makunni, waccan ɗaya ƙafar. An zare roba, kwantak biyun sun haɗu, wutar kowanne ta bi ta ɗan'uwansa ta sauka, inji ya yi tsit. Babban yarona da na bar masa haɗin ya murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya ya kai ƙafa guda, ɗayar ya kai at, yana ganin ya yi wayo. Muka ja igiyar tayarwa har kafaɗa ta yi tsami, ko tari injin bai yi ba, ai ya riga ya kashe shi tun kafin makunni. Muka sake zare fulawil.

Wani abin kuma, farantin da kwantak ke zaune a kai juyawa yake yi idan an murɗa totur, don haka wayoyin sai an bar musu sarari, a bi da su ta ƙasa, a ɗaure su inda fulawil ba zai goge su ba. Na daidaita bakin kwantak a kan rabin milimita, na duba ɗan makullin da ke kan shaf bai lanƙwashe ba, na ɗaure noti sosai. Gwaji kuma a cikin duro muke yi, ruwa ya rufe ƙafar injin, don in ka tayar da shi a bushe robar famfon ruwa ƙonewa take cikin ɗan lokaci kaɗan. Na ba Baba igiyar na ce ja da kanka. Ya ja, inji ya ɗauke, ya ce a sake. Sau huɗu muka yi.

Ni ma na taɓa yin tawa asarar. Wani injin mai batir da sitata aka kawo daga Jabi, cikin sauri na taɓa wayar kashewa da layin batir mai bolt 12, CDI ɗin ya tafi ko hayaƙi bai yi ba. Daga aljihuna na biya, matata ta ji labarin a kuɗin cefane. Wayar nan at kawai take so, kuma inji na aiki kar ka riƙe ta da hannu, a wasu injinan tana ɗauke da wutar da za ta girgiza ka har haƙori.

Masu yanke wayar ma ba don mugunta suke yi ba. Makunni mai arha ruwa na shiga cikinsa, ya yi tsatsa, ya fara satar wuta, da safe inji ya ƙi tashi fasinja na jira. Bakanike ya zare wayar, wuta ta dawo, sai ya ce ga maganin nan ya sa filaya. Alhali zare wayar gwaji ne, ya nuna maka makunnin ne ya lalace, a canza shi. Shi ya sa nake sa na ruwa mai hular roba, haɗin kuma da dalma nake yi in rufe da robar da ake gasawa ta kama, ba salatif ba.

Ban ce igiyar nan za ta hana irin hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Patigi ta jihar Kwara a 2023 ba, inda sama da mutum ɗari suka rasu suna dawowa daga biki da dare. Wannan maganar lodi ce da tafiyar dare da rigar kariya, aikin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da shugabannin tasha. Tawa igiyar mutum ɗaya take tsarewa, da duk wanda jirgin da ba direba zai je ya haye. A Amurka tun Afrilun 2021 doka ta tilasta wa masu ƙananan jirage ɗaura ta, mu nan kuwa sai lallashi. Kuma lallashin ya fi haɗa wayar wuya, don rannan na kai yara Jabi na hango wani da ni na ɗaura masa da hannuna, ya nannaɗe igiyar a jikin hannun tuƙi tsaf kamar carbi. Na ce ɗan'uwa in ka faɗa hannun tuƙin ne zai bi ka? Ya ce Oga tana takura min ne in zan karɓi kuɗi. Na nuna masa ya maida ta ƙasan gwiwa, hannayensa biyu su huta. Ko ya ci gaba da yi bayan na juya baya, Allah masani.

Yanzu duk wanda na yi wa aikin roba biyu nake ba shi, ta biyun in ɗaure ta da zare a cikin murfin inji, in kuma ce ya nuna wa yaron jirginsa inda take. Dalili, in direba ya faɗa ya tafi da igiyar a jikinsa, waɗanda suka rage a ciki ba su da abin da za su tayar da inji su koma su ɗauko shi. Baba ne ma ya fara kawo wannan tambayar yana ɗaure injinsa a bayan a-kori-kura, ni ban taɓa tunaninta ba, sai na koma cikin shago na ciro robar wani sabon makunni na miƙa masa, makunnin yana nan cikin durowa har yau ba roba.